Me ya sa zarnin fitsarin kyanwa yake dawowa bayan an wanke wurin?

Wata baiwar Allah da ke kiwon kyanwa da ɗan kwikwiyo a cikin gida ta aiko da tambaya. Ta ce kyanwar ta yi fitsari a kan kafet ɗin falo da kuma kan doguwar kujera, ta wanke wuraren da garin sabulu da bilic, ta bi da turaren fesawa, amma zarnin yakan ɓace na kwana biyu ne ya sake tasowa, musamman idan an yi ruwan sama. Ta ƙara da cewa wani baƙin tabo ya fito a daɓen katako, daidai inda kwikwiyon ya saba tsugunawa. Tana son ta san ko akwai mafita, ko kuwa kayan sun tashi daga aiki ke nan.

Malama, na daɗe ina sana'ar wankin kafet da kujeru, kuma ƙorafin da kika kawo shi ne wanda na fi ji daga bakin masu dabbobi. A mafi yawan lokuta kayan ba su kai ga zubarwa ba. Abin da ya faru shi ne wankin ya tsaya a saman da ido yake gani, alhali fitsarin ya riga ya nutse ƙasa, kuma duk maganin da bai kai inda fitsarin ya kai ba, ɓata lokaci ne kawai. Idan kika riƙe wannan, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Zai yi kyau ki fara sanin abin da kike faɗa da shi. Fitsari yana ɗauke da yuriya, irin sinadarin da ake yin takin zamani da shi, da gishiri iri-iri, da ɗan yurik asid wanda ba ya narkewa da sauƙi a ruwa. A lokacin da ya zuba warinsa ba shi da ƙarfi sosai. Bayan wasu sa'o'i ƙwayoyin bakteriya suke fara cin yuriyar suna mai da ita amoniya, kuma ita ce zarnin da yake hawa kai. Idan wurin ya bushe aikin bakteriya yakan lafa, amma gishirin yana nan maƙale a cikin zare da soso, kuma ɗabi'arsa ce janyo danshi daga iska. Da zarar an yi ruwa ko ɗaki ya yi laima, sai ya jiƙe, bakteriya su farfaɗo, zarni ya dawo kamar yau aka yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa kike jin sa bayan ruwan sama. Na kyanwa ya fi na kare tsanani saboda abu biyu. Kakanninta dabbobin busasshen yanki ne, don haka ƙodarta tana tsimin ruwa, fitsarin ya fito da kauri. Sannan akwai wani sinadari a cikinsa mai suna felinin, wanda yake rikiɗewa ya ba da wari mai farar wuta a ciki, kuma muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba ya fi kowace kyanwa fitar da shi.

Kafin mu je ga abin da za ki yi, dole in tsaya a kan bilic, domin nan akwai haɗari ga lafiyarki. Idan bilic ya haɗu da amoniya yana fitar da iska mai guba da ake kira kuloramin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma tsohon fitsari cike yake da amoniya. Idan kuma ya haɗu da ruwan khal, iskar kulorin yake fitarwa, wadda ta fi waccan muni. Saboda haka kada a taɓa zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, kuma kada a gauraya shi da komai sai ruwa. Ban da haɗarin, yana cinye launin kafet, ya bar farin tabon da ba ya gyaruwa. Haka nan ki guji duk ruwan goge-goge da aka rubuta akwai amoniya a cikinsa, domin a hancin dabba ƙanshinsa ɗaya ne da fitsari, sai ta ɗauka an tabbatar mata cewa nan ne wurin. Zafi ma abokin gaba ne: ruwan zafi, da injin wanki mai tururi, da dutsen guga duk suna dafa furotin ɗin da ke cikin ƙazantar ya kama zare, yadda jini yake kama tufa idan an wanke shi da tafasasshen ruwa. Turare kuwa rufe wari yake yi na ɗan lokaci, kuma hancin kyanwa da na kare sun ninka namu ƙarfi sau da yawa, ba a yaudararsu da shi.

Idan kika tarar da fitsarin da ɗanyensa, aikin farko shi ne tsotse shi kafin ya nutse. Ki ninka tsohon farin tawul, ki ɗora a kai, ki taka da ƙafa ki tsaya da dukkan nauyinki, ki canja wani, har sai tawul ya daina jiƙewa. Kada ki cuɗa, domin cuɗawa tana tura shi ciki, ta faɗaɗa shi, ta kuma tsefe zaren. Daga nan ki zuba ruwan sanyi kaɗan ki sake tsotsewa, sau biyu ko uku, kina farawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Wanda ya yi wannan cikin mintunan farko ya gama rabin aikin.

Naki kuwa ya riga ya tsufa, don haka sai an nemo iyakarsa. Hancin mai gida ba abin dogaro ba ne a nan, saboda yana sabawa da warin gidansa har ya daina ji, shi ya sa baƙo yake rigan ki lura. Akwai ƙaramar tocila mai hasken shuɗi da ake duba sahihancin takardun kuɗi da irinta. Idan aka kashe fitilu da dare aka haska ta a ƙasa, busasshen fitsari yakan yi ɗan ƙyalli mai ruwan ɗorawa ko kore. Ki zagaye kowane wuri da alli, ki duba har jikin bango da ƙafafun kujera da gindin labule, domin kyanwa idan tana sa alama a tsaye take fesawa. Sai dai ragowar garin sabulu ma yana ƙyalli a wannan haske, don haka inda kika riga kika wanke sai kin haɗa da sunsunawa.

Akwai wani aiki da ba na mantawa da shi. An kira ni gidan wani dattijo da ya rantse cewa tabon bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma sau huɗu ana wanke shi. Da muka ɓamɓare kusurwar kafet ɗin muka kifa ta, sai ga zane a bayansa zobe a kan zobe, ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa ya kai babban faranti. Soson da ke ƙasa ya yi baƙi yana maƙalewa a yatsa, simintin da ke ƙarƙashinsa kuma ya yi farin gishiri. Haka ruwa yake yi a kafet: yana ratsa zaren ya sauka, idan ya iske shimfiɗar ƙasa sai ya bazu gefe da gefe. Tun daga ranar nake gaya wa mutane su ɗauka cewa abin da ke ƙasa ya ninka wanda suke gani a sama aƙalla sau biyu.

Maganin da ya fi dacewa da wannan shi ne ruwan wanki mai enzayim, wanda ake yi musamman don ƙazantar dabbobi. Enzayim sinadarai ne da suke farfasa ƙazantar zuwa ƙananan abubuwan da ruwa zai iya ɗauka ko iska ta kwashe, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan ruwan suna ɗauke da bakteriya marasa cutarwa da suke ci gaba da cinye ragowar. Yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, fesa shi suka yi a sama suka goge bayan minti biyu. Ga yadda ake yi. Da farko ki ɗauraye wurin da ruwan sanyi sau da yawa kina tsotsewa, domin ragowar sabulu da bilic da kika sa a baya za su kashe enzayim kafin ya fara aiki. Sannan ki kwarara maganin, kwarara ta gaske, gwargwadon yawan fitsarin da kike zaton ya zuba ko fiye, ki wuce layin allin da kamar faɗin hannu, ki danna da ƙafa don ya kai ƙasa. Enzayim ba ya aiki sai da danshi, don haka ki rufe wurin da leda ki ɗora wani abu mai nauyi. Sabon tabo minti 15 na iya isarsa, tsoho kuwa yana son sa'o'i da dama, wani lokaci har kwana guda, kuma abin da aka rubuta a jikin robar shi ne hukunci. Bayan haka ki cire ledar, ki tsotse da tawul, ki kunna fanka, ki bar shi ya bushe da kansa. Yana yiwuwa zarnin ya ƙaru yayin da wurin yake a jiƙe, kada wannan ya karya miki gwiwa. Ba a yanke hukunci sai ya bushe ƙarau, kuma ba abin mamaki ba ne tsohon wuri ya buƙaci zagaye biyu ko uku.

Akwai togaciya guda mai muhimmanci. Ulu da siliki su kansu furotin ne, kuma wasu enzayim furotin suke ci, don haka darduma ta ulu ko ta siliki ba a zuba mata irin wannan ruwa sai an rubuta a jikinsa cewa ya dace da ita. Idan mai tsada ce, a tsotse, a ɗauraye da ruwan sanyi, a kai wa masu wankin darduma. Kowane magani kuma, a kan kowane yadi, a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri a ga ko launi zai zuba.

Idan ba a samu mai enzayim ba, kayan da ke cikin gida suna taimakawa, amma a san iyakarsu. Farin ruwan khal da aka gauraya da ruwa daidai wa daida yana kashe kaifin amoniya, saboda shi mai tsami ne ita kuwa kishiyarsa ce. A jiƙa wurin da shi, a bar shi minti 10, a tsotse. Idan wurin ya kusa bushewa a barbaɗa bekin soda, a bar shi ya kwana, a zuƙe da injin shara ko a share. Mutane da yawa suna haɗa biyun a kofi ɗaya saboda kumfar da suke yi tana burge ido, alhali kumfar alama ce ta cewa sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. A yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan haidirojin mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, irin wanda ake wanke rauni da shi, yana cire launin tabo da wani ɓangare na warin, amma yana iya koɗar da yadi mai duhu, kuma ba a zuba shi a kwalba ɗaya da ruwan khal. A ganina waɗannan sun isa ga fitsarin kwikwiyo na rana ɗaya, amma da wuya su gama da na muzuru da ya yi wata uku. Idan kuma an ɗaga kafet aka ga soson ƙasa ya yi irin na gidan dattijon nan, yanke wannan yanki a sa sabo ya fi sauƙi da tabbas a kan ƙoƙarin wanke shi.

Kujera tana da nata hukuncin. Ki duba ƙarƙashin kushin, wasu kujerun suna da 'yar takarda mai harafi. W yana nufin ana iya wankewa da ruwa, S yana nufin sai da sinadarin wanki marar ruwa, WS ko wanne ya yi, X kuwa ba a sa masa komai sai zuƙe ƙura. Idan S ko X ne, ki tsotse kawai ki nemi masu sana'ar, domin ruwa zai bar zobe ko ya sa yadin ya tsuke. Idan rigar kushin tana da zif, ki cire ta ki wanke daban da ruwan sanyi, ki shanya a iska, kada ki sa mata zafi sai kin tabbatar warin ya tafi. Soson shi ne ainihin matattarar zarnin. Ki kai shi baho, ki jiƙa shi da maganin mai enzayim, ki riƙa taka shi yana sha yana fitarwa, ki bar shi ya jima, ki ɗauraye, ki matse tsakanin tawul biyu, sannan ki jingine shi a tsaye gaban fanka. Yana iya ɗaukar kwana biyu ko uku, kuma idan aka mai da shi da sauran danshi a tsakiya, fumfuna za ta fito, a koma fama da wari biyu. Inda rigar ba ta fita, mukan ɗura maganin da sirinji cikin soson a wurare da yawa kewaye da tabon. Kada ki manta da abin da ke ƙarƙashin kushin, wato yadin da aka shimfiɗa a kan katakon kujerar da lungun da ke tsakanin mazauni da hannu, domin can fitsari yake gangarawa. Katifa haka ake yi mata, sai dai ba a cika ta da ruwa, saboda tsakiyarta ba ta bushewa da wuri. Kujerar fata kuwa a tsotse nan take, a goge da ɗanyen tsumma da sabulun fata, a shafa man fata bayan ta bushe, a kuma nisantar da ita daga haidirojin.

Baƙin tabon katako labarinsa daban ne. Amoniya ce ta ratsa ta tsakanin alluna ko ta inda banish ya goge, ta haɗu da wani sinadari na cikin itacen mai suna tanin, launin ya koma baƙi. Tabon yana cikin naman katakon ne, shi ya sa gogewa ba ta taɓa shi. Idan bai yi zurfi ba, a jiƙa farin tsumma da haidirojin a shimfiɗa daidai kan tabon, a rufe da leda, a riƙa dubawa kowace sa'a har ya yi haske, a bar shi ya bushe, a bi da sanfefa, a sake shafa launi da banish. Ki sani cewa wurin zai fi kewayensa haske kafin a gyara launin. Idan baƙin ya ratsa allon ko katakon ya fara laushi, sai kafinta ya cire allon ya sa wani. Daɓen da aka yi da matsattsen garin katako aka lulluɓe da hoton itace ba ya jure jiƙa ko kaɗan, idan bakinsa ya kumbura ba ya komawa, canja shi ake yi.

Tayil ba ya shan ruwa sosai, amma layin simintin da ke tsakaninsa yana sha, don haka can za ki zuba maganin mai enzayim ki bi da tsohon burushin haƙori. Mabul da tarazo ba a kusantar da ruwan khal ko lemun tsami gare su, domin tsami yana cin dutsen ya dusashe sheƙinsa. Tsurar siminti yana shan fitsari kamar soso, saboda haka a jiƙa shi sosai da mai enzayim, a maimaita, a bar shi ya bushe na kwanaki, sannan a shafe shi da fentin da yake toshe ƙofofin siminti kafin a mai da kafet. Idan aka toshe shi da danshi a ciki, fentin zai ɓare.

Kashi da amai sun fi sauƙi ta fuskar wari, sun fi nauyi ta fuskar cuta. A sa safar hannu, a kwashe da kwali ko cokalin da ba za a sake ci da shi ba, ana ɗagawa sama ba tare da dannawa ba, sannan a bi da ruwan sanyi da maganin nan mai enzayim. Amai yana da tsami da ruwan ɗaci, wani lokaci da launin abincin dabbar, don haka jinkiri yana sa ya rina zare. Mai juna biyu ta bar wa wani kwasar kashin kyanwa saboda cutar tokzofilazma mai iya cutar da jaririn da ke ciki, wadda ƙwayoyinta suke zama masu harbi bayan kwana 1 zuwa 5 da fitar kashin, abin da ya sa kwashewa kullum yake rage haɗari. Idan kwikwiyo yana gudawa mai jini, ana jin tsoron cutar fabo, wadda ƙwayarta take daɗewa a ƙasa. A nan ne bilic yake da amfani, a kan tayil ko siminti kaɗai, bayan an wanke wurin tas an ɗauraye: kashi 1 na bilic a cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye, tagogi a buɗe, dabbobi a waje har ya bushe. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu fenol, waɗanda galibi suke komawa fari kamar madara idan an zuba su a ruwa, guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa su, kuma tana taka ƙasa ta lashe tafinta.

Saura abin da ya fi ƙarfin sana'ata, amma ba zan rufe ba tare da na faɗe shi ba, domin na sha wanke kujera ɗaya sau uku a gida ɗaya. Kyanwar da ta saba da akwatin yashinta ta dawo tana yi a kujera, sau da yawa akwai dalili a jikinta, kamar ciwon mafitsara, ko tsakuwa, ko ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, don haka ki kai ta wurin likitan dabbobi. Idan namiji ne kika ga yana yawan tsugunawa yana nishi ba abin da ke fita, wannan toshewa ce mai iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a jira gari ya waye. Idan lafiyarta ƙalau, ki duba akwatin: a kwashe shi kullum, a ajiye shi nesa da abincinta da inda kwikwiyon zai dame ta, kuma yawan akwatunan ya ɗara yawan kyanwoyin gidan da ɗaya. Fiɗiya tana rage fesa alama ƙwarai. A kwanakin da kafet da kujerar suke bushewa ki rufe ƙofar falon, ko ki kifa kwandon wanki a kan wurin, domin muddin akwai sauran warin da ita take ji ke ba ki ji, can za ta koma.